Kwabo Mai Huji a Gwanjon Intanet: Wa Ya Ba Shi Maki?

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin kwabo mai huji a cikin gwangwanin kaka ko a ƙasan adakarta, tare da anini, da sisi, da taro, da sule. Tun bayan da naira ta shigo a ranar 1 ga Janairun 1973, waɗannan kuɗaɗe suka daina sayen ko ƙuli-ƙuli. Amma akwai kasuwar da har gobe ake cinikinsu, kasuwar masu tara tsoffin sulalla, kuma yanzu yawancin hadahadarta a intanet ake yi, a gwanjo irin na eBay.

Kasuwar ba ta wasa ba ce. A watan Janairun 2013 an sayar da dalar azurfa guda ɗaya ta Amurka, bugun 1794, a kan fiye da dala miliyan 10. A watan Yunin 2021 kuma, wani sulen zinariya na dala ashirin, bugun 1933, ya tashi a kan kusan dala miliyan 19 a gwanjon Sotheby's. To, inda kuɗi suka kai haka, ba a rasa masu neman cin banza. Abin da muka zauna muka duba a wannan mako shi ne yadda ake ba sule maki, da yadda wasu masu sayarwa ke wasa da makin nan don su yaudari mai saye.

Sule biyu na iya zama iri ɗaya, shekara ɗaya, daga gidan bugu ɗaya, amma farashinsu ya bambanta kamar sama da ƙasa. Dalili kuwa shi ne lafiyar jikinsu. Wanda ya sha hannu har rubutunsa ya shafe ba zai yi kuɗin wanda ya fito daga injin bugu aka adana shi ba. A 1949 wani Ba'amurke mai suna William Sheldon ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 70 don tsoffin kwabban ƙasarsa. A lissafinsa, kwabo mai maki 70 ya ninka mai maki 1 sau saba'in a farashi. Lissafin farashin ya daɗe da rushewa, amma ma'aunin ya zauna. Maki 1 shi ne sulen da da ƙyar ake gane shi. Daga 60 zuwa 70 kuwa na sulen da bai taɓa yawo a kasuwa ba ne, kuma ana sa masa haruffan MS a gaba, kamar MS-63 ko MS-65.

Ku ɗauka kamar jarrabawa ce. Idan ɗalibi ne zai duba takardarsa da kansa, kowa a ajin zai ci ɗari bisa ɗari. Haka dillalai suka riƙa yi: in suna saye sule ya zama mai rauni, in suna sayarwa ya zama sabo fil. Wannan ya sa aka kafa kamfanonin da aikinsu kawai tantancewa. PCGS ta fara a 1986, NGC ta biyo baya a 1987, akwai kuma ANACS wadda ta girme su. Mutum zai aika musu da sulensa, ya biya kuɗin aiki. Masana za su duba ko na gaske ne, su duba zaizayarsa, da ƙarce-ƙarcen jikinsa, da ƙyallinsa, da yadda zanen ya fito. Daga nan sai a rufe shi cikin ɗan akwatin roba mai garai-garai, a liƙe, da takarda a ciki mai ɗauke da makin da lambar shaida tasa shi kaɗai. Duk mai so zai iya shiga shafin kamfanin ya rubuta lambar ya ga abin da aka rubuta a kanta.

Da wannan tsari ne cinikin intanet ya samu gindin zama. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma gwanjon intanet kusan haka yake: hoto kawai kake gani, mai kayan yana wata ƙasa. Akwatin nan da lambarsa su ne ke tsaya maka a matsayin shaida.

Sai dai masu algus sun nemo hanyoyinsu. Mafi sauƙi ita ce wasa da kalmomi. Sule bai taɓa zuwa wurin kowane kamfani ba, amma a talla a rubuta "MS-65" da alamar tambaya a ƙarshe, ko a ce "zai kai MS-65". Ido na gudu a waya, sai ya kama lambar ya bar alamar tambayar. Saboda irin wannan ne eBay ta sa dokar cewa ba a rubuta makin lamba a talla sai in wani kamfani da ta amince da shi ne ya bayar.

Akwai kuma wanda zai sayo akwatunan roba, ya buga takarda a kwamfutarsa da sunan wani kamfani da babu wanda ya taɓa jin sa, ya ba duk sulallansa maki 67 ko 70. A zahiri an rufe, an liƙe, an sa lamba. Amma mai kaya ne ya yaba wa kansa. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne jabun akwati mai ɗauke da sunan kamfani na gaske. Maƙeran jabu kan kwafi lambar wani sule na gaske su liƙa a nasu, don haka in ka duba lambar a shafin kamfanin za ka ga tana nan daram. Abin da zai cece ka shi ne kwatanta hoto, in kamfanin ya ajiye hoton ainihin sulen: kowane sule na da ɗan tabonsa ko ɗigonsa, kamar yadda kowane mutum ke da zanen yatsansa.

Wata dabarar ta fi duka natsuwa, domin babu ƙaryar da aka furta. Idan an taɓa goge sule, ko an ƙarce shi, ko an toshe masa huji, kamfanonin ba sa ba shi makin lamba. Sukan rubuta cewa na gaske ne amma yana da aibi, da kalmar Details a takardar, sannan su faɗi aibin. Irin wannan sule farashinsa kan faɗi sosai. Sai mai sayarwa ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa "NGC ta tantance", wanda gaskiya ne, ya kuma ɗauki hoton ta yadda haske zai kashe wurin da aka rubuta aibin. Mu dai a wurinmu wannan da mai dankon tumatir, manya a sama ruɓaɓɓu a ƙasan kwando, duk kanwar ja ce.

Wani lokaci ma a jikin sulen ake aikin. Dalar azurfa ta Amurka da ake kira Mogan, wadda aka buga a San Faransisko a 1893, guda 100,000 kacal aka yi, shi ya sa take da tsada. Ɗan ƙaramin harafin S a bayanta ne ke bambanta ta da ta Filadelfiya wadda ba ta da harafi. 'Yan damfara kan samo mai araha su manna mata harafin.

Mu dawo kan namu. Kwabban nan masu huji da tauraro mai tsini shida, na ƙasashen Afirka ta Yamma da Ingila ta mulka ne, kuma a jikinsu har da rubutun Larabci. A 1936 an buga kwabo da ɗari da anini da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a Janairun shekarar ya kuma yi murabus a Disamba. A Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba. Labari mai daɗi ke nan ga mai talla: sarkin da bai cika shekara ba, kuɗinsa dole ya yi wuyar samu. Alhali kuwa an buga su da yawan gaske, kuma wanda ya sha hannu ba ya wani tsada. Labarin gaskiya ne, "wuyar samun" ce ƙari.

Kada kuma mu ɗauka makin kamfani wahayi ne. Ra'ayin masana ne, kuma yakan faru a fasa akwati a sake aika sule ya dawo da maki daban. Har ta kai a 2007 aka kafa wani kamfani, CAC, mai sake duba sulallan da aka riga aka tantance, ya liƙa ɗan koren tambari a kan waɗanda ya yarda sun cancanci makinsu. Wato mai duba aikin masu dubawa.

Mai sayarwa na kirki ba ya wahalar ganewa. Zai nuna gaba da bayan sulen, da takardar baki ɗaya, lambar tana karantuwa. In akwai aibi zai faɗa a saman talla, ba a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe ba. In ba a tantance ba zai ce ba a tantance ba. Zai kuma yarda a mayar masa da kaya in ba su yi daidai da bayaninsa ba. In ka tambayi lambar shaida aka shiga kwana-kwana, ko ka ga sulen da ya kamata ya yi tsada ana neman rabuwa da shi a banza, sai ka kama gabanka.

In kuma kun koma gida kun roƙi kaka ta buɗe muku gwangwanin nan, abu ɗaya muke roƙo: kada ku kai wa kwabban toka da lemun tsami don su yi ƙyalli. Duhun da shekaru suka sa musu, masu tarawa na son sa a haka, gugar kuma na barin ƙananan ƙarce da gilashin masana ke kamawa nan take. Ku riƙe su ta gefe, ku duba shekarar, sannan ku nemi ɗan ƙaramin harafin H ko KN, alamar gidajen bugu biyu na birnin Bamingham da suka buga da yawa daga cikinsu.