Ciwon Mara Mai Daɗewa da Aikin Masu Gashi

Yau za mu yi magana a kan wani ciwo wanda mata da yawa suke ɗauke da shi shekara da shekaru ba su faɗa wa kowa ba, watau ciwon mara da ƙugu wanda ya ƙi tafiya. Muna roƙon maza kada su tashi suna cewa wannan zancen mata ne, gama sau da dama maigida ne yake riƙe da kuɗin mota, shi ne kuma zai ce a je asibiti ko kada a je.

Likitoci sukan ce ciwon mara ya zama mai daɗewa idan ya kai wata 6 ko fiye. Kun tuna da matar nan ta cikin Markus sura 5, wadda ta yi shekara 12 tana fama, ta kashe dukan abin da take da shi wajen neman magani. Irinta suna nan a garuruwanmu har wa yau.

Bari mu ɗauki gabashin Jihar Sakkwato, wajen Lahodu da Wurno da Rabah da Goronyo. Ƙasa ce ta fadama, ta shinkafa da albasa da tafarnuwa, ga kogin Rima, ga madatsar ruwa ta Goronyo. Ruwan nan albarka ne, amma inda ruwa yake kwanciya a nan tsargiya takan yi gida. Mutane sun san ta wurin yara maza masu fitsarin jini. Abin da ba a cika sani ba shi ne, ƙwan tsutsar yakan maƙale a mahaifa da gaban mace, ya kawo ciwon mara da zubar jini, har a zarge ta da ciwon sanyi alhali kuwa ba ta yi laifin kome ba. Akwai ƙwayar maganinta a asibiti. Shi ma ciwon sanyin na gaskiya, in ba a yi maganin miji da mata tare ba, yakan hau zuwa mahaifa ya bar tabo. Akwai kuma ƙarin mahaifa, da wasu cututtuka waɗanda sai likita ya duba.

Amma babban abin da muke so mu tsaya a kansa shi ne doguwar naƙuda. A ƙasan ƙugu akwai tsoka wadda Mahalicci ya shimfiɗa kamar faifai, daga ƙashin gaba zuwa ƙashin baya. Ita ce take tallafe mafitsara da mahaifa da dubura, ita ce take riƙe fitsari da bayan gida har lokacin da mutum ya ga dama. To, sa'ad da yarinya ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a ɗaki, kan jariri yana danne naman nan a jikin ƙashi, jini ba ya isa wurin. Naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, ya bar rami tsakanin mafitsara da gaba. Wannan shi ne yoyon fitsari. Yankan gishiri ma yakan kawo shi. A 'yan shekarun nan kuwa, rashin tsaro a hanyoyin wannan yanki ya sa fita da mai naƙuda da dare ya ƙara wuya.

Ramin nan ana ɗinke shi. A cikin birnin Sakkwato ana yin aikin a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. A Babbar Ruga ta Katsina, Dokta Kees Waaldijk, mutumin ƙasar Holan, ya yi wa dubban mata aiki, ya kuma koya wa likitoci da yawa. A Jos an buɗe sashen yoyon fitsari na asibitin Evangel a 1992, a Danja kusa da Maraɗi kuwa an buɗe nasu a 2012.

Sai dai allura da zare ba sa gyara kome da kome. Wata an rufe ramin sarai, amma in ta yi tari ko ta ɗaga tulu sai fitsari ya zubo, domin tsokar ta yi rauni. Wata kuma kan jaririn ya danne jijiyar da take sauka zuwa ƙafa, sai ta tashi daga jego tana jan ƙafa, yatsu suna sharar ƙasa. Wata ba ta yoyo, ba ta ɗingishi, amma zama yana yi mata zafi, kwanciya da mijinta ya zama azaba. An ɗauki hoto ba a ga kome ba, sai dangi su fara cewa iska ce, ko sammu, ko kuwa ƙiwuya. A ganinmu wannan magana ta ƙarshe ta fi ciwon kansa zafi.

A nan ne aikin masu gashi yake shigowa, waɗanda a asibiti ake kira likitocin fisiyo. Yawancinmu mun san su da gashin ƙashi bayan karaya, ko koya wa mai shanyewar ɓarin jiki tafiya. Amma a cikinsu akwai waɗanda suka ƙware a kan tsokar ƙugu. Tun a 1948 wani likita a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana yadda mace za ta ƙarfafa wannan tsoka: ta matse kamar mai riƙe iska a cikin taro, ta ƙirga zuwa biyar, sa'an nan ta saki, ta maimaita sau da yawa kowace rana. Ba a ganin amfanin a mako guda, sai an yi watanni.

Ga wurin da ake bukatar hankali, 'yan'uwa. Ba kowace mai ciwon mara ce take bukatar matsewa ba. Ku dunƙule hannunku da ƙarfi, ku riƙe shi haka na ɗan lokaci, za ku ji ya fara zafi. Haka tsokar ƙugu take. Macen da ta sha wuya wajen haihuwa, ko aka yi mata yanka, ko aka yi mata aure da tsoro, jikinta yakan dunƙule wurin ba da saninta ba, dare da rana, har ya manta yadda ake saki. In aka ce wa wannan ta ƙara matsewa, an ƙara mata ciwo ke nan. Ita abin da za a koya mata shi ne saki: numfashi a hankali har ciki ya tashi, miƙe cinya da ƙugu, ɗumama wurin, da tausa ta hannun wadda ta koyi aikin. Shi ya sa ba a aron wannan magani daga maƙwabciya kamar yadda ake aron turmi. Sai an duba mace an san ko tata tsokar rauni ta yi ko ɗaurewa.

To, wa zai duba ta? Mace daga Lahodu ba za ta yarda ta buɗe wannan zance gaban namiji da sauƙi ba, balle a taɓa ta. Aikin yana neman mata, masu jin Hausa, masu riƙe asiri. Waɗanda kuwa suka taɓa ɗanɗana ciwon sukan fi kowa iya zama da mai shi.

Ku ji labarin Mamitu Gashe ta ƙasar Habasha. A 1962, tana da shekara 16, aka kawo ta Addis Ababa da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, jaririn kuma ya mutu. Likitoci biyu, Reginald Hamlin da matarsa Catherine, suka yi mata aiki. Da ta sami sauƙi ba ta koma gida ba. Ta fara da gyaran gado da share ɗaki, ta koma miƙa kayan aiki a ɗakin fiɗa, a hankali Dokta Reginald ya sa ta fara ɗinki. Ba ta taɓa shiga makaranta ba, amma ta zama gwanar wannan aiki, har likitoci daga ƙasashe dabam dabam suka riƙa koyo a hannunta a asibitin da aka buɗe a 1974.

A Nijeriya ta yau hanyar ta bi ta makaranta ce. Yarinya tana bukatar sakamako mai kyau a sakandare, a Turanci da lissafi da darussan kimiyya, ta ci jarrabawar shiga jami'a. Jami'ar Bayero ta Kano tana cikin masu koyar da aikin fisiyo. Karatun yakan ɗauki shekara 5 ko 6, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sa'an nan ta karɓi lasin daga hukumar da take kula da masu wannan sana'a. Ƙwarewa a kan ƙugu tana zuwa bayan haka, ta wurin ƙarin horo da aiki a ɗakunan masu jego da na masu yoyon fitsari.

Hanyar tana da tsawo, ga kuɗin makaranta. Amma zumuntar mata da take iya haɗa kuɗin anko kowace shekara ba za ta kasa ɗaukar nauyin yarinya ɗaya ba. Kafin ta gama kuwa, duk wadda take jin wannan ciwo fiye da wata 6, ta nemi wata dattijuwa da ta amince da ita, su tafi asibiti tare. In likita ya duba ya ce bai ga kome ba, ta tambaye shi ko akwai sashen gashi, ta roƙa a tura ta can.