Abin da ke sa fuska tsufa kafin lokacinta

Jama'a, mata da yawa a nan sansani suna kuka cewa fuskarsu ta yamushe tun da suka baro gida. Gaskiya ne, kuma akwai dalilai.

A ƙarƙashin fata akwai wani abu kamar zare da ake kira kolajin, shi ne ke riƙe ta ta tsaya sumul. Yana raguwa da shekaru, wannan kam babu makawa. Amma zafin rana yana lalata shi da wuri. Wadda take tsayuwa a layin rabon abinci ko bakin famfo tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, rana mafi ƙarfi take sha. Hayaƙin itace da na taba su ma suna tsufar da fata. Iskar hunturu tana busar da ita, rama kuma tana sa ta saki.

Wanda ya fi damuna shi ne man bilicin. Ana saye don a gyara fuska, shi kuwa ɓata ta yake yi. Baƙin fatarmu kariya ce daga rana, man yana rage wannan kariyar. Wasu mayukan suna ɗauke da maganin asibiti mai ƙarfi da ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito. Masu sinadarin haidrokwinon kan bar baƙin tabo a kumatu wanda yake da wuyar fita. Masu makuri suna cutar da ƙoda, kuma makurin yana kaiwa ga jinjiri a ciki da ta nono. A 2022 gwamnatin Kamaru ta hana shigo da irin waɗannan mayuka da sayar da su, amma har yanzu suna yawo a kasuwa. Wadda ta daɗe tana shafawa ta je asibitin sansani a nuna mata yadda za ta daina, domin bari lokaci ɗaya yana iya tayar da ƙuraje.

Man kaɗanya ko basilin bayan wanka sun isa. A sa malafa ko a rufa da mayafi a layi, a yi girki inda iska ke fitar da hayaƙi.

Sai maganar rajista. Tamoji ba ya nuna shekaru daidai. Idan an rubuta muku shekarun da ba naku ba don an dubi fuska kawai, ku zo ofishin kariya da duk takardar da kuke da ita, ko ta haihuwa, ko ta makaranta, ko katin rigakafi.