Damina ce ke duba aikin: yadda gyaran gida ke haɗa ma'aikata da 'yan kwangila rigima a Kafanchan

Da ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba, sai tifofi su fara juye yashi da tsakuwa a ƙofar gidaje a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi. Ana yaye tsohon kwano, ana fasa bango a faɗaɗa falo, ana shimfiɗa tayil. Da yawa daga cikin masu waɗannan gidaje ba sa garin. Suna ofisoshinsu a Abuja, suna turo kuɗi ta waya, burinsu kuwa a gama kafin Kirsimeti, ko kafin bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, ko kafin wani auren dangi. A tsakiyar Disamba ake miƙa makulli, a biya cikon kuɗi, kowa ya yi wa kowa godiya.

Rigimar ba ta tashi sai a Yuli ko Agusta. A lokacin ne silin ke yin taswirar ruwa, fenti ya kumbura, filasta ta fara zubowa daga gindin bango. A lokacin kuma babu ko sisin ɗan kwangila a hannun mai gida.

Wannan tazara ta wata bakwai ko takwas tsakanin ranar biya da ranar da aikin ke haɗuwa da jarrabawarsa ta farko ita ce tushen akasarin saɓanin. Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jema'a, tana gindin tsaunukan da suka gangaro daga tudun Jos, kuma daminarta ta fi ta Kano ko Katsina tsawo da nauyi nesa ba kusa ba. Ruwa kan sauka tun wajen Afrilu, ya kai Oktoba, da iska mai ƙarfi a farkonsa da marka a tsakiyarsa. Rufin da zai yi shekaru yana ɓoye aibinsa a arewa mai nisa, a nan damina guda ke tona shi.

Lokacin da ake yin aikin ma yana da nasa laifin. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha. Kankare na buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, ba ya kuma kai cikakken ƙarfin da aka auna masa sai bayan kwana 28. Iskar hunturu kuwa tana zuƙe danshin filasta cikin sa'o'i, a daidai lokacin da ruwan rijiya ya fara ja baya, ake sayen ruwa daga 'yan garuwa. Ɗan kwangilar da aka ba shi mako shida ya gama kafin biki, ba-ruwa shi ne abu na farko da zai tsallake, domin babu mai ganinsa a hoton da za a tura Abuja. Haka bulon da aka buga jiya aka ɗora yau, haka fentin da aka shafa a kan filastar da ba ta nuna ba.

A rufi kuwa ha'incin ya fi sauƙin ɓoyewa. Kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.55 da mai 0.45 kala ɗaya ne ga wanda ke tsaye a ƙasa, akwai ma waɗanda ba su kai haka ba. Katakon da ba a shafa masa maganin gara ba, da wanda aka yanko ɗanye, duk silin zai rufe su. Sannan ga yayin da aka kwaso daga rukunin gidajen Abuja na ɗaga bango ya ɓoye rufi, a bar ruwa ya bi wata magudanar kankare a bayansa. Yana da kyau a ido. Amma idan ba a daidaita gangaren magudanar ba, ko ganye ya toshe bututun, ruwan ba shi da wajen zuwa sai cikin ɗaki, kuma a garin da ake kwana ana ruwa wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Gyara ya fi sabon gini wuyar sha'ani, domin ana ɗora sabo ne a kan tsohon da ba a san cikinsa ba. Kafanchan ta bunƙasa ne da zuwan jirgin ƙasa a 1927, lokacin da ta zama mahaɗar layukan Fatakwal da Kaduna da Jos, kuma har yau tsofaffin unguwanninta cike suke da gidajen ƙasa da aka yi wa rigar siminti daga baya. Siminti da jar ƙasa ba sa riƙe juna da kyau, danshi na shiga tsakaninsu sai su rabu. Akwai kuma gine-ginen da wuta ta taɓa a rikicin bayan zaɓen 2011, waɗanda wasunsu aka yi wa filasta da rufi kawai aka koma ciki. Idan irin wannan bango ya tsage bayan gyara, mai gida zai ce aikin ne bai yi kyau ba, ɗan kwangila ya ce tun asali bangon matacce ne. Sau da yawa kowannensu yana da rabin gaskiya, ba kuwa wanda ya rubuta halin da bangon yake ciki kafin a taɓa shi.

Mai gida kan ce ai ya ɗauki ɗan kwangila mai lasisi. Da za a nemi ganin takardar, galibi shaidar rajistar kamfani ce daga hukumar CAC. Wannan takarda tana nuna cewa sunan kasuwancin yana cikin kundin gwamnati ne kawai, ba ta ce mai ita ya san awon rodi ba. Lasisin sana'a a wani wuri yake. Ƙwararrun magina suna rajista da CORBON, majalisar da aka kafa da dokar soja mai lamba 45 ta 1989. Injiniyoyi suna ƙarƙashin COREN tun 1970, masu zanen gine-gine kuma ARCON tun 1969. Waɗannan majalisu suna iya ladabtar da wanda ke cikin rajistarsu har su soke sunansa. Wanda bai taɓa shiga ba, ba su da sunan da za su soke. Akasarin masu karɓar jingar gyaran gida a garuruwan kudancin Kaduna kuwa birkiloli ne da kafintocin da suka koyi aiki a hannun iyayen gidansu suka girma, wasunsu gwanaye ne ƙwarai, amma ba wata hukuma da ke tsaye a bayan aikinsu.

Abin mamaki shi ne, masu gidan su ne mutanen da suka fi kowa sanin yadda ake ɗaure kwangila. Jami'in da ya san dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta taƙaita kuɗin kafin alƙalami a kashi 15 cikin ɗari, har sai da gyaran 2020 ya ɗaga shi zuwa 30 ga 'yan kwangilar gida, wanda ba zai sa hannu a biya ba sai ya ga takardar shaidar kammala mataki, shi ne zai tura fiye da rabin kuɗin gyaran gidansa a rana ɗaya, don kawai wani ɗan majami'arsu ko abokin ƙaninsa ya ce mutumin kirki ne. Neman a rubuta yarjejeniya tsakanin 'yan gari ɗaya kan yi kama da zargi, sai a bar shi. Kuɗin kuwa sau da yawa bashi ne, na ƙungiyar adashen ma'aikata ko rancen gyaran gida na bankin FMBN, wanda ake bai wa masu zuba kashi 2.5 cikin ɗari a asusun gidaje na ƙasa. Ko rufi yana yoyo ko ba ya yi, za a ci gaba da cirewa daga albashi.

'Yan kwangila ma suna da nasu ƙorafin, kuma ba duka ne na kare kai ba. Wanda ya yi jinga a ƙarshen 2023 ya ga buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a Fabrairun 2024, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da farashi tsakanin 7,000 da 8,000. Idan mai gida ya ƙi jin maganar ƙari, ɗan kwangila zai fitar da asararsa daga inda ido ba ya kaiwa: buhu ɗaya ya buga bulo fiye da ƙima, rodi mai milimita 12 ya koma 10. Wannan ba uzuri ba ne, amma dalili ne. Akwai mai gidan da ke turo kuɗi gutsure-gutsure bisa shigar albashi, bango ya yi wata biyu a buɗe. Akwai mai sauya tsarin banɗaki ta WhatsApp bayan an binne bututu. Akwai kuma mai sayen kaya da kansa, ya zaɓi mafi arha, ya manta araha ba ta ado. Ɗan'uwan da aka wakilta ya sa ido shi ma wani lokaci nasa kason yake cira, kuma shi ne wanda ba za a taɓa kai ƙara ba.

Idan abu ya ɓaci, ƙafar farko ofishin 'yan sanda take nufa, musamman ga hadimin da ke da lambar wani babba. Nan ne kuskure mafi tsada. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kotuna kuma sun sha faɗa cewa 'yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne. Ɗan kwangilar da aka tsare kan rufi mai yoyo yana iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi, mai gida ya wayi gari shi ake nema ya biya diyya. Wanda ya karɓi kuɗi ya gudu bai ɗora ko bulo ɗaya ba, maganarsa daban ce, tana iya zama zamba. Mummunan aiki kuwa shari'ar haƙƙi ce.

Sulhun mai unguwa ko dagaci, ko na dattawan coci da masallaci, ya fi saurin kawo sakamako, domin ɗan kwangila a garin yake zaune, sunansa kuma shi ne jarinsa. Sai dai irin wannan zama ya fi karkata ga kashe wuta fiye da auna asara, kuma wanda ya zo daga Abuja, da ake wa kallon mai hali, shi ake roƙo ya yi haƙuri. Mai son zuwa kotu yana da kotun majistare da Babbar Kotun Jiha a Kafanchan. Can kuwa hujja ake tambaya. Saƙonnin waya da shaidar tura kuɗi suna karɓuwa idan aka cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, amma abin da ya fi nauyi shi ne rahoton injiniya ko magini mai rajista da ya duba aikin ya ƙiyasta kuɗin gyaransa. Masu gida da yawa, saboda ruwa na zuba a kan gado, sukan kira wani kafinta ya gyara nan take, su shafe hujjarsu da hannunsu. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta bai wa wanda aka yi wa aikin da bai kai inganci ba damar neman a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Wanda kuma ya fasa bango mai ɗauke da nauyi ko ya ɗora bene ba tare da izinin KASUPDA ba, ya sani da rauninsa zai shiga kowace irin shari'a.

Manyan kwangiloli sun daɗe da samo maganin wannan tazara: ana riƙe wajen kashi 5 cikin ɗari na kuɗin aiki, ba a saki sai wa'adin lura da aibu ya cika, galibi wata shida. Amma a Kafanchan lissafin wata shida daga Disamba a Yuni yake ƙarewa, kafin markar Agusta. Wa'adin da zai yi amfani a nan shi ne wanda aka ɗaure da ƙarshen damina, a rubuta Oktoba ƙarara, a ajiye kuɗin a hannun wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Ƙananan 'yan kwangila ba sa son haka, suna cewa hauhawar farashi za ta cinye kuɗin kafin ya iso hannunsu, kuma kashi 5 ɗin sau da yawa shi ne ribar tasu gaba ɗaya.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar riƙe kuɗin kowa, sai dai tana buƙatar haƙuri: a raba aikin gida biyu. A ɗora rufi da magudanan ruwa a Maris, a bar silin a buɗe har ruwa mai ƙarfi ya sauka sau da dama, kafinta yana nan ana nuna masa inda ke ɗiga. Silin da fenti da tayil su jira Nuwamba. Mai wannan tsari zai yi Kirsimetin bana a ƙarƙashin tsohon kwano.