Ɗaura Tof-Gaskit Bayan An Sauke Inji: Inda Kuɗin Mai Mota Kan Zube

Ma'aikacin da ya tara albashin watanni ya kai motarsa gareji aka sauke inji, aka sa sababbin ringi da fistin, ba abin da zai ɓata masa rai kamar ya ga bayan mako biyu farin hayaƙi yana fita ta salansa, ruwan lagireto yana ƙafewa ba tare da an ga inda yake zuba ba, baƙin mai kuma ya koma kamar madara. Duk wanda ya ga waɗannan alamu, to, tof-gaskit ya tafi. Sau da yawa kuwa ba laifin gaskit ɗin ba ne, laifin ɗaurawa ne.

Shi dai tof-gaskit wani siririn faifai ne da ake shimfiɗawa tsakanin bulok, watau gangar jikin inji, da tof, watau murfin silinda. Aikinsa uku ne a lokaci guda: ya tsare wutar da ke ci a cikin silinda, ya tsare ruwan sanyaya inji, ya kuma tsare baƙin mai, kada ɗaya ya shiga hanyar wani.

Bari mu ɗauki misali da Peugeot 504, wadda Faransa ta fito da ita a 1968, aka kuma riƙa harhaɗa ta a Kaduna bayan buɗe kamfanin PAN a 1975. Bulok ɗinta na baƙin ƙarfe ne, tof kuwa na alminiyam. Idan zafi ya kama su, alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, saboda haka kullum aka tayar da inji ko aka kashe, tof yana ɗan gogar gaskit. Idan aka bari mota ta yi zafi fiye da kima, sai tof ya karkace. Abin da ya sa ke nan bakanike na ƙwarai ba ya ɗaura sabon gaskit sai ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuskar tof, a tsaye da a kwance da kuma kusurwa zuwa kusurwa, ya gwada da siraran ƙarafan awo ko akwai rata. Littattafan masu ƙera motoci da yawa ba sa yarda da ratar da ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita, wasu ma rabin haka. In ta wuce, sai a kai tof wurin masu injin sassaƙa su daidaita shi, amma akwai iyakar abin da za a iya cirewa.

Wani abu kuma game da 504 shi ne silindojinta silif ne da ake iya zarewa, ruwa yana zagaye su kai tsaye. Duk wanda ya fizge tof sama da ƙarfi, ko ya juya inji alhali tof yana ƙasa bai danne silif ɗin ba, zai iya motsa su daga mazauninsu, ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin baƙin mai. Sa'an nan dole bakin kowane silif ya ɗan ɗara fuskar bulok daidai gwargwadon da littafi ya faɗa, domin a nan ne gaskit yake cizawa.

Tsabta ita ce ta biyu. A kankare ragowar tsohon gaskit sarai ba tare da an yi wa alminiyam zane ba. A kuma tsane ramukan notuna, domin mai ko ruwan da ya kwanta a cikinsu ba ya matsuwa. Noti zai yi kamar ya ɗauru alhali bai danne kome ba, wani lokaci ma bulok ya tsage. A duba rubutun da ke jikin gaskit mai nuna ɓangaren da zai kalli sama, gama in aka kifa shi yana iya toshe ramin da mai ke bi ya hau tof. Ɗabi'ar nan ta shafa masa gam ko giris kuwa, ba ta da amfani sai fa in masu shi sun ce a yi. Yawancinsu a bushe ake ɗaura su.

To, sai ɗaurin notuna, wanda a ganinmu nan ne aka fi yin ɓarna. Injin silinda huɗu yawanci notuna goma ke gare shi. Ba a farawa daga gefe. Daga tsakiya ake farawa, a riƙa zagayawa ana fita waje, kuma ba a ɗaure su gaba ɗaya ba, sai hawa-hawa, sau biyu ko uku, da sufana mai ma'aunin ƙarfi. Bakaniken da ya zura bututu a sufana yana cewa hannunsa ya san awo, caca yake yi da kuɗin wani. Motocin da aka ƙera daga baya da yawa suna da notuna masu miƙewa, waɗanda bayan ma'auni ake ƙara juya su wata kusurwa da aka ƙayyade. Irin waɗannan in an kwance su, sababbi ake sawa. Haka nan gaskit na zamani mai falle-fallen ƙarfe yana bukatar fuska mai santsi fiye da na dā.

A tsofaffin injuna irin na 504, akan sake matse notunan bayan mota ta yi tafiyar kamar kilomita 1,000, inji yana sanyi, sa'an nan a sake daidaita ratar bawul.

Kafin mai mota ya biya ragowar kuɗin aiki, ya kamata ya tambayi abin da ya ƙone gaskit na farko. In lagireto ne ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko an cire tamostat an jefar kamar yadda wasu kanikawa suka saba, ko kuwa ruwan rijiya zalla ake zubawa yana cin alminiyam, to, sabon ma ba zai daɗe ba sai an gyara wannan.