Shari'ar Mutum Ɗaya don Gyaran Dokar Kowa

Shekaru ashirin da suka wuce, idan ƙungiya mai zaman kanta ta ga ana cin zalin talakawa, abin da ta fi yi shi ne kiran taron manema labarai, ko fitar da rahoto, ko tattaki zuwa majalisa. Yanzu da yawa daga cikinsu kotu suke nufa. Sukan nemo mutum ɗaya da aka zalunta, su ɗaukar masa lauya, da niyyar hukuncin da za a yanke ya tilasta wa gwamnati sauya doka ko ɗabi'a. Dabarar tsohuwa ce. Da ita ƙungiyar NAACP ta sa Kotun Ƙolin Amurka ta haramta ware makarantun baƙar fata a 1954. Amma a Afirka ta Yamma ƙarfinta bai bayyana sosai ba sai bayan 2005.

A shekarar ne aka faɗaɗa hurumin Kotun ECOWAS da ke Abuja, aka ba ta ikon sauraron ƙorafin ɗaiɗaikun mutane kan take haƙƙin ɗan Adam. Abin da ya fi jan hankalin lauyoyi shi ne ba a sharɗanta sai mai ƙara ya gama zagaye kotunan ƙasarsa kafin ya zo ba. Duk wanda ya san yadda ɗage zama ke cinye shekaru a kotunanmu ya san girman wannan rangwame. A cikin gida ma an sassauta. Tun shari'ar Sanata Abraham Adesanya a 1981 alƙalan Najeriya ke korar ƙararraki da hujjar cewa mai ƙara bai nuna abin da ya shafe shi shi kansa ba. Ƙa'idojin da Babban Jojin Najeriya Idris Legbo Kutigi ya sa wa hannu a 2009 suka ce kada a kori ƙarar haƙƙin ɗan Adam saboda wannan dalili, kuma ƙungiyoyi na iya shigar da ita a madadin wasu. Sai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba: masu ba da tallafi daga waje suna son abin da za su nuna, kuma takardar hukunci ta fi shekara biyar ta wayar da kai sauƙin nunawa.

Shari'ar da ta fi cancanta a tsaya a kanta ita ce ta Hadijatou Mani. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a kan jaka 240 na sefa ga wani mutum a yankin Birnin Ƙonni, a ƙarƙashin al'adar wahaya, inda mai mata huɗu ke ajiye ta biyar ba aure ba sadaki. Nijar ta mai da bauta laifi a dokarta a 2003, a 2005 kuma mutumin ya ba ta takardar 'yanci, amma ya dage cewa ita matarsa ce. Da ta auri wanda take so, ita aka ɗaure bisa zargin aure kan aure. Ƙungiyar Timidria ta Nijar, tare da Anti-Slavery International da Interights, suka kai maganar Kotun ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce an bautar da ita, kuma ƙasar Nijar ta gaza kare ta, tun da alƙalanta sun ji labarin bauta a gabansu ba su ɗauki mataki ba. Ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10, gwamnati kuma ta biya. A 2014 aka yanke wa wani mutum ɗaurin shekara huɗu a Ƙonni saboda wahaya, karo na farko a ƙasar.

Me ya sa wannan ta ci? A ganina ba gwanintar lauyoyi kaɗai ba ce. Timidria tana cikin ƙauyukan nan tun 1991, mutanenta sun san gidajen, sun san hakimai, kuma bayan 'yan jarida sun watse su ne suka ci gaba da bibiyar matan da suka gudo. Hukuncin ya faɗo hannun waɗanda za su yi aiki da shi. Haka aka gani a Saliyo: a Disamba 2019 kotun ta soke hana 'yan mata masu ciki zuwa makaranta, a Maris 2020 gwamnati ta janye haramcin, domin ƙungiyoyin mata na ƙasar sun shekara biyar suna matsa mata lamba kafin hukuncin.

Najeriya kuwa labarinta daban. Ƙungiyar SERAP ta Legas ta yi ƙarar gwamnatin tarayya da hukumar UBEC, tana dogara da rahoton ICPC kan karkatar da kuɗin ilimin firamare. Gwamnati ta kare kanta da cewa ilimi yana cikin babi na biyu na kundin tsarin mulki, wanda kotu ba ta da ikon tilasta shi. Kotun ECOWAS ta ƙi wannan hujja, a Nuwamba 2010 ta tabbatar da cewa ilimi haƙƙi ne da ake iya nema a gaban shari'a. Ɗaliban lauya na karanta wannan hukunci har yau. Amma ƙididdigar UNICEF ta ci gaba da nuna yara fiye da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa, kuma da wuya ka sami hedimasta a Zamfara ko Yobe da ya taɓa jin an yi shari'ar. Babu ƙungiyar iyaye ko ta malamai da ta riƙe hukuncin ta je da shi gidan gwamna. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin ƙarar tana kan gaskiya, yaran kuma namu ne.

Kotun ba ta da ɗan sanda. Aiwatar da hukuncinta yana hannun gwamnatin da aka kayar. A Oktoba 2016 ta ce Najeriya ta saki tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Sambo Dasuki, bai fito ba sai Disamba 2019. Hukuncinta cewa rufe Twitter a Najeriya ya saɓa doka ya zo a Yuli 2022, wata shida bayan an buɗe shafin. Gwamnatoci sun gane cewa yin kunnen uwar shegu ba ya jawo musu asarar komai, kuma kowane hukuncin da aka yi watsi da shi yana rage nauyin na gaba.

Akwai kuma nauyin da ke kan mai ƙara. Lauya ya koma Abuja ko Landan, ita kuwa za ta koma garin da kowa ya san sirrinta, wataƙila kusa da dangin wanda ta yi ƙara. Ƙungiyar da ba ta tanadi mafaka da abin sana'a ga irin wannan mace ba, bai kamata ta sa sunanta a takardar kotu ba.

Su ma masu mulki sun fara toshe hanyar. Bayan kotun ƙasashen kudancin Afirka ta kayar da Zimbabuwe kan ƙwace gonaki, shugabannin yankin suka dakatar da ita a 2010. Ruwanda, Tanzaniya, Benin da Kwaddibuwa duk sun janye izinin da suka ba 'yan ƙasa da ƙungiyoyi na kai ƙara kai tsaye Kotun Afirka da ke Arusha. A Disamba 2023 Kotun ECOWAS ta umarci sojojin Nijar su saki hamɓararren shugaban ƙasa Mohamed Bazoum, ba su saurare ta ba, a ranar 29 ga Janairu 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Ƙungiyoyin farar hula na Yamai da Maraɗi da Tawa sun rasa kotun da ta fi kusa da su, a lokacin da gwamnatin soja ke soke lasisin ƙungiyoyi da tsare masu fafutuka.