Sauya Kayan Ƙafar Motar Gudu: Abin da Ke Sa Taya Ta Riƙe Kwalta

Ƙafar mota, a wajen makanikai, ita ce duk abin da ke tsakanin taya da gangar jikin mota: sifirin, shakazoba, hannuwan ƙarfe masu riƙe da wili, robobin da ke cikin gaɓoɓinsu, da sandar sitabilaiza. A motar gida, babban aikin waɗannan kaya shi ne kare fasinja daga jijjiga. A motar gudu kuwa akwai aikin da ya fi wannan nauyi, wato danne taya a kan kwalta a kowane lokaci, ko ana shan kwana, ko ana taka birki, ko ana bin gargada. Duk ƙarfin inji da kaifin birki ta wuri huɗu kacal suke isa ƙasa, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba. Idan taya ta yi tsalle ta rabu da ƙasa, ko ta karkace ta tsaya a kan gefenta, sitiyari ya tashi daga aiki a wannan ɗan lokacin.

Kamfanin da ya ƙera mota yakan saita ƙafarta ne don mutane iri-iri: mai zuwa ofis, mai doguwar tafiya, mai hanya mai kyau da mai hanya marar kyau, sannan da lissafin farashi. Wannan ne ya buɗe kasuwa ga kamfanoni masu ƙera kayan ƙafa na musanye, irin su Bilstein, Eibach, H&R da KW na Jamus, Koni na Holan, Öhlins na Suwidin da Tein na Japan. Motar da ta fi nuna girman wannan kasuwa ita ce Mazda MX-5, wadda aka fara nunawa a baje kolin motoci na Chicago a 1989, aka kuma cika miliyan ɗaya da ƙera ta a 2016. Ƙaramar mota ce mai kujera biyu, samfurin farko bai kai tan ɗaya ba, injinta lita 1.6 ne kawai. Ba ta da ƙarfin da za ta yi alfahari da shi a miƙaƙƙiyar hanya, don haka masu ita suka mayar da hankali kan kwana, har aka kafa rukunin tsere na musamman a Amurka, Spec Miata, inda doka ta ƙayyade irin kayan ƙafar da kowa zai saka domin gwanintar direba ce za ta raba gardama.

Kafin a taɓa ko da noti ɗaya, akwai abin da ya kamata a fahimta game da nauyi. Idan mota ta shiga kwana, nauyinta yakan karkata zuwa tayoyin waje. Yawan nauyin da ke komawa can ya dogara ne da nauyin motar, da tsawon cibiyar nauyinta daga ƙasa, da tazarar da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, da kuma tsananin kwanar. Taurin sifirin ba ya cikin wannan lissafi. Mutane da yawa suna zaton idan mota ta daina kwanciya gefe to nauyi ya daina sauya wuri, alhali yana nan yana sauyawa, sai dai ido ba ya ganin alamarsa. Abin da sifirin da sitabilaiza ke iya yi shi ne raba wannan nauyi tsakanin gaba da baya. Rabon yana da muhimmanci saboda wata ɗabi'a ta roba: idan aka ninka nauyin da ke kan taya, riƙonta yana ƙaruwa, amma ba ya ninkawa. Don haka tayoyi biyu masu ɗauke da kaya daidai wa daida sun fi riƙe hanya a kan biyun da ɗaya ta sha kaya ɗayar kuma take reto. Ɓangaren motar da aka fi taurarawa shi ke ɗaukar kaso mafi yawa na wannan sauyi, kuma shi ke fara sakin hanya. Idan gaba ne, direba zai murɗa sitiyari mota ta ƙi juyawa, ta nufi wajen kwana da goshi. Idan baya ne, gindin motar zai zame ya nemi wuce gaba. Kamfanoni sukan bar mota ta ɗan karkata ga na farkon da gangan, domin direban da ya tsorata yakan ɗaga ƙafa daga totur, kuma hakan na gyara zamewar gaba, amma yana iya tsananta ta baya.

Abin da aka fi saye shi ne gajerun sifirin, masu sauke mota da kamar milimita 25 zuwa 35. Suna da araha, suna ƙara wa mota kyan gani, kuma sauke cibiyar nauyi yana da amfani na gaske. Matsalar ita ce duk milimitar da aka sauke an ciro ta ne daga tazarar da taya ke da ita ta yin sama kafin ƙafa ta bugi robar tsayawa. A MX-5 ta farko wannan tazara dama kaɗan ce, musamman a baya, kuma motar da aka sauke fiye da kima takan zauna kusan a kan robar. Da zarar ta hau wani tudu a tsakiyar kwana, taurin ƙafar sai ya yi tashin gwauron zabi nan take, taya ta yi tsalle, baya ya kuɓuce. Yanke sifirin na asali da injin yanka, kamar yadda ake yi a wasu garejoji, ya fi wannan muni, domin sifirin da aka gajarta yana iya fita daga mazauninsa idan ƙafa ta miƙe gaba ɗaya.

Tsarin ƙafar ma yana da ta cewa. Motoci irin su Toyota 86 da Subaru BRZ, waɗanda suka fito a 2012, suna amfani a gaba da tsarin da ke ɗauke da sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson, inda shakazoba kanta ce ginshiƙin da ke riƙe da wili daga sama. Tsari ne mai sauƙi da rashin cin wuri, amma idan aka sauke shi sosai hannun ƙasa yakan karkata ta yadda jikin mota zai ƙara samun dalilin kwanciya gefe, taya kuma ta rasa kusurwarta mai kyau. MX-5 tana da hannuwa biyu a gaba, sama da ƙasa, waɗanda ke karkato da kan taya ciki yayin da ƙafa ke dannuwa, don haka ta fi haƙuri da saukewa. Kamfanin Porsche ya shafe shekaru da dama yana amfani da ginshiƙi a gaban 911, sai a samfurin GT3 na 2021 ya koma hannuwa biyu.

Shakazoba ce zuciyar al'amarin, kuma ita ce aka fi yi wa rowa. Sifirin yana ɗaukar nauyi ya adana ƙarfin bugu, amma in an bar shi shi kaɗai zai yi ta lilo. Shakazoba bututu ce cike da mai, da fistin a ciki mai ƙananan ƙofofi. Duk motsin ƙafa sai ya tilasta wa man ratsa ƙofofin, ƙarfin lilon ya koma zafi. Sifirin ne ke yanke iya nisan da mota za ta kwanta a kwana, shakazoba kuma ke yanke saurin kwanciyar da yadda za ta natsu bayan ta. Abin da direba ke ji a daƙiƙar farko ta murɗa sitiyari aikin shakazoba ne.

Iri biyu ne manya. Mai bututu biyu tana da wurin ajiyar mai a kewayen bututun ciki, tana da arha, kuma ita ce a yawancin motoci. Fitattun shakazoba masu launin rawaya na Koni da ake iya saitawa da hannu galibi irin wannan ne. Mai bututu ɗaya kuwa tana da iskar naitirojin da aka matse a ƙasa, da wani fistin mai yawo da ya raba ta da mai. Matsin iskar yana hana man yin kumfa idan aiki ya yi zafi, bututun kuma yana saurin fitar da zafi saboda iska na bugunsa kai tsaye. Bafaranshe Christian Bourcier de Carbon ne ya ƙirƙiro wannan fasaha, Bilstein ta inganta ta, kuma ta shiga motocin Mercedes-Benz a 1957. Abin da ke bambanta shakazoba mai kyau da ta banza yana cikin ƙofofin fistin. Mai kyau takan yi tauri ga motsi mai tafiya a hankali, irin na kwanciyar jiki a kwana, ta kuma saki jiki ga bugu mai kaifi, irin na bakin rami. Shi ya sa mota mai ingantacciyar shakazoba za ta iya fin ta asali riƙe hanya kuma ta fi ta daɗin zama a lokaci guda. Haɗa sifirin mai tauri da tsohuwar shakazobar da ta gaji kuwa yakan haifar da motar da ke ta tsalle-tsalle bayan kowane tudu, kuma man shakazobar ba ya daɗewa yake fara yoyo.

Daga nan sai cikakken saiti, wanda ake kira koiloba: sifirin da shakazoba a haɗe, an auna su tare, jikin bututun da zare irin na noti domin a ɗaga mota ko a sauke ta. Masu tsada suna ba da damar saita dannuwa daban, miƙewa daban. Amfaninsa na gaske shi ne ana iya ɗora mota a kan sikeli huɗu, da nauyin direba a kujera, a daidaita har jimillar gaba-hagu da baya-dama ta zo ɗaya da ta gaba-dama da baya-hagu, motar ta riƙa shan kwanar hagu da ta dama iri ɗaya. Kasuwa dai cike take da masu arha waɗanda ake tallata su da yawan matakan saiti, alhali fistin ɗinsu bai dace da sifirin da aka ɗora musu ba, har biyu daga kwali ɗaya ma ba sa aiki iri ɗaya. Shakazoba mai inganci marar saiti, tare da sifirin da ya dace da ita, ta fi irin waɗannan nesa ba kusa ba.

Injiniyoyi suna auna taurin ƙafa da yawan lilon da jikin mota zai yi a daƙiƙa ɗaya. Motar gida tana tsakanin 1 da 1.5, motar gudu ta titi tana kusan 1.5 zuwa 2, motar tsere kuma ta haura haka, musamman mai fukafukan da iska ke dannawa ƙasa. Taurin da ke aiki a filin tsere mai santsi ba ya aiki a ko'ina. Ko a tsohon filin Nürburgring na Jamus, mai tsawon kusan kilomita 21, inda kamfanoni ke gwada motocinsu, tudu da gangare da gargadar wurin suna hukunta motar da aka taurara fiye da kima. Wanda ya shigo da irin wannan mota Kano ko Yamai, inda rami da tudun rage gudu ke jiran ta, ya fi kowa bukatar barin tazara a ƙarƙashinta, domin tukunyar man inji da salansa su ne farkon abin da zai daki ƙasa.

Sitabilaiza sanda ce mai murɗewa da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare ba ta yin komai, sai ɗaya ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa take turjewa. Ƙaramin ƙari a kaurinta yana yin babban tasiri: daga milimita 20 zuwa 22, taurinta yana ƙaruwa da kusan kashi 46 cikin ɗari. Ita ce hanya mafi sauƙi ta gyara rabon nauyi tsakanin gaba da baya, kuma saboda haka ne take da haɗari a hannun mai gaggawa. Sanda mai kauri a bayan mota mai jan baya tana iya ɗage tayar ciki daga ƙasa a daidai lokacin da ake son ta tura motar fita daga kwana.

Robobin gaɓoɓi sukan tsufa su tsage, su bar taya tana sauya kusurwa da kanta. Sababbi na asali sau da yawa sun wadatar. Na foliyuretan sun fi tauri amma suna son giris, in ba haka ba su yi ta ƙara. Gaɓoɓin ƙarfe zalla na filin tsere ne, ƙura da ruwa suna saurin cinye su.

Duk wanda ya sauya tsayin mota dole ne ya sake saitin taya, kuma a nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. Ana karkato da kan taya ciki da digiri 1 zuwa 2 a motar titi, 3 ko fiye a ta tsere, domin idan jiki ya kwanta tayar waje ta zauna shimfiɗe a kan kwalta. Idan karkatar ta yi yawa, birki a miƙaƙƙiyar hanya yana raguwa, gefen ciki na taya kuma ya cinye da wuri. Fuskantar tayoyi ma haka: in na baya suka ɗan kalli juna mota takan natsu, in na gaba suka ɗan buɗe takan yi saurin amsa sitiyari, amma kuskure kaɗan a nan ya fi komai cin taya. Ita kanta taya ce ke kafa iyakar komai. Toyota 86 ta farko ta fito da Michelin Primacy, irin tayar da ake saka wa wasu samfuran Prius, da niyyar ta riƙa zamewa cikin sauƙi don nishaɗin direba, kuma masu ita da dama sun ga cewa sauya taya kaɗai ya sauya halin motar. Taya mai riƙo sosai tana ƙara kwantar da jiki, don haka ita ake fara zaɓa, sannan a zaɓi sifirin da sanda daidai da ita. Masu aikin da suka san abin da suke yi sukan sauya abu ɗaya, su gwada, su rubuta, kafin su taɓa na gaba.

Sababbin motocin gudu sun zo da wani ƙarin lissafi. Tun daga Cadillac Seville STS ta 2002, sannan Corvette da Ferrari 599, akwai shakazoba masu mai gauraye da garin ƙarfe, wanda maganaɗisu ke taurarawa ko sassautawa bisa umarnin kwamfuta. Cire su a saka na gargajiya yakan kunna fitilar gargaɗi, sai an haɗa wata 'yar na'ura da za ta gamsar da kwamfutar, kuma saukar da mota na iya karkatar da saitin fitilun gaba da na'urorin da ke lura da hanya. A Jamus, kayan ƙafa na musanye sai suna da takardar amincewa, sau da yawa kuma sai hukumar bincike irin TÜV ta duba aikin an shigar da shi cikin takardun mota. A Birtaniya, ɓoye wa kamfanin inshora irin wannan sauyi na iya sa ya ƙi biyan diyya idan an yi hatsari.