Cinikin Biri A Sama: Musun Da Aka Sha A Kan Zaidu Sanusi

Duk wanda ya saba zama a teburin mai shayi a Sabon Garin Gusau, ko a gidajen kallon ƙwallo na Tsafe da Bunguɗu, ya san cewa hutun da Turawa kan tafi daga watan Yuni zuwa Agusta ba hutu ba ne ga bakin 'yan kallo. A lokacin ne kasuwar cinikin 'yan wasa take ci, a lokacin ne kuma jita-jita take samun kasuwa. Maganar da aka fara a Tudun Wada da daddare, kafin hantsi direbobin tasha sun kai ta Tsafe a hanyar Funtuwa, sun kai ta Bunguɗu a hanyar Sakkwato, kuma duk inda ta sauka sai ta ƙara ƙiba.

Cikin irin wannan musu, babu wanda muka ga ya ɗauki zafi kamar na daminar 2022, lokacin da jaridun wasanni suka riƙa raɗe-raɗin cewa wasu kulob-kulob na Ingila suna zawarcin Zaidu Sanusi, mai tsaron baya ta hagu, wato lamba uku, na kulob ɗin Porto da ke ƙasar Fotugal. Dalilin zafin kuwa shi ne yaron namu ne. An haife shi a Jega ta Jihar Kebbi a 1997, kuma Kebbi da Zamfara duk daga tsohuwar Jihar Sakkwato aka yanke su, ɗaya a 1991, ɗaya a 1996. Saboda haka kowa ya ɗauki maganar tamkar ta ƙanensa.

Daga Jega Zuwa Porto

Zaidu bai faɗo daga sama ba. Da ya sauka Fotugal, sai da ya yi shekaru a Mirandela, wani ƙaramin kulob mai wasa a rukuni na uku, inda ko sunansa ba mu taɓa ji a rediyo ba. A 2019 ya koma Santa Clara, kulob na rukunin farko da ke can wani tsibiri a tsakiyar teku. Shekara ɗaya kawai ya yi, Porto ta saye shi a watan Agusta na 2020, kuma a watan Oktoba na wannan shekara ya fara buga wa Super Eagles wasa. Yana cikin 'yan wasan Porto da suka fitar da Juventus ta Italiya, da Cristiano Ronaldo a cikinta, daga gasar zakarun Turai a 2021.

Ranar 7 ga Mayu, 2022, ita ce ta fito da shi sarari. Porto ta je gidan babbar abokiyar gabarta Benfica a birnin Lisbon, lokaci ya cika babu ci, ana cikin mintocin ƙari sai ga lamba uku ya sheƙo tun daga baya ya jefa ƙwallo a raga. Da wannan ci ɗaya Porto ta ɗauki kofin ƙasar karo na 30. Bayan wannan rana ne ƙishin-ƙishin ya tashi.

Abin Da Kowane Ɓangare Ya Riƙe

Masu musun sun kasu gida uku. Kashi na farko, galibinsu samari magoya bayan Chelsea da Arsenal da Manchester United, cewa suke yi ya tafi tun kasuwarsa tana ci, domin a Ingila kuɗi suke, a can ne kuma za mu riƙa ganinsa a akwatin talabijin kowace Asabar. Hujjarsu ita ce ƙafar ɗan ƙwallo ba ta da tabbas, rauni ɗaya ya isa ya rufe kasuwa.

Kashi na biyu suka ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. A Porto yana buga wasa, yana ɗaukar kofi, yana shiga gasar zakarun Turai. In ya koma wani matsakaicin kulob a Ingila, koci ya canja, aka ajiye shi a benci, to ya rasa gurbinsa a can, ya kuma rasa na Super Eagles.

Kashi na uku dattawa ne, waɗanda suka yi kallon ƙwallo tun zamanin da aikin lamba biyu da lamba uku bai wuce su tare ɗan gefe su doka ƙwallo waje ba. Su mamakinsu shi ne yadda za a yi rububin mai tsaron baya, alhali ga masu cin ƙwallo. Amma wasa ya canja. Yanzu ana son mai tsaron gefe ya hau ya sauka tun daga farko har ƙarshe, ya tare, ya kai hari, ya kuma bugo ƙwallo gaban raga. Masu irin wannan huhu da gudu ba su da yawa, musamman masu ƙafar hagu, shi ya sa suka yi tsada. A watan Agustan 2022 Chelsea ta biya Brighton fiye da fam miliyan 50 a kan Marc Cucurella, wanda shi ma lamba uku ne.

Ranar 1 ga Satumba, 2022, kasuwa ta tashi a Ingila, Zaidu yana nan a Porto bai gusa ba. Ya ci gaba da wasa har ya kai ga wasan ƙarshe na cin kofin Afirka tare da Nijeriya a ƙasar Kwaddibuwa, a watan Fabrairu na 2024, inda masu masaukin baƙi suka yi nasara da ci 2 da 1. Kwanaki kaɗan bayan ya koma Fotugal ya ji mummunan rauni a gwiwa, wanda ya kwantar da shi watanni da dama. Nan ma musu ya sake tashi, masu cewa ya tafi suka ce ai ga abin da muke gudu, masu cewa ya zauna suka ce da a baƙon wuri abin ya same shi wa zai jira shi ya warke.

Abin da babu wanda ya tsaya ya tambaya shi ne, wa ke cin ribar jita-jita? Dillalin ɗan wasa yakan so a ji ana neman yaronsa domin a ƙara masa albashi. Kulob yakan so a ji haka domin farashi ya hau. Jarida kuma tana son masu karatu. Mu da ke kan benci a gidan kallo, cinikin biri a sama kawai muke yi.

Inda Abin Ya Shafi Gidajenmu

Da musun ya tsaya a teburin mai shayi, da ba mu ɓata tawada a kansa ba. Amma a bayan masu musun akwai yara a tsaye suna saurare, kuma abin da ke shiga kunnensu shi ne miliyoyi. A wuraren da rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa, kamar ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, yaro mai gudu da ƙafar hagu yakan ga ƙwallo ce kaɗai ƙofar da ta rage masa. Macuta sun san da haka.

Mun san wani gida a nan Gusau da abin ya faɗa wa. Wani mutum ya zo da jaka da hotunansa tare da Turawa, ya kalli yaron gidan yana wasa a filin makaranta, ya ce wani kulob a Turai yana neman lamba biyu irinsa, abin da ya rage kawai kuɗin fasfo da biza da na gwaji. Kafin mako ya zagayo labari ya cika unguwa cewa an sayi wane. Uban ya sayar da shanun huɗarsa biyu, uwar ta kwashe kuɗin adashenta. Yaron ya yi wata biyu a wani ɗaki a Legas yana jiran jirgi, daga nan wayar mutumin ta daina shiga. Da ya dawo, jarrabawar gama sakandare ta wuce shi, kuma kunya ta hana shi fita filin wasa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu magana, amma mu a ganinmu rashin sani ne ya fi cutar wannan gida.

Yadda Ciniki Na Gaskiya Yake Tafiya

Ya kamata iyaye da masu horar da yara a unguwanni su riƙe waɗannan abubuwa. Na farko, dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wani kulob a wata ƙasa, sai bisa wasu 'yan dalilai ƙalilan, kamar iyayensa su ƙaura can saboda wani aiki da bai shafi ƙwallo ba. Duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 Turai ya sa hannu a kwantiragi, to a yi hattara da shi.

Na biyu, ciniki tsakanin kulob da kulob ake yin sa. Tun daga 2010 dole ne ɓangarorin biyu su shigar da bayanan cinikin a na'urar FIFA, sannan hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, NFF, ta ba da takardar sallama, kafin ɗan wasa ya taka fili a wata ƙasa.

Na uku, dokar FIFA ta haramta karɓar kuɗi a kan gwaji. Dillali na gaskiya kuma yana da lasisin FIFA, wanda tun 2023 sai an ci jarrabawa ake samu, kuma ana iya duba sunansa a intanet. Mai saye ne ke biya, ba uban yaro ba.

Na huɗu, Ingila ba ta ba baƙon ɗan wasa izinin aiki haka kawai. Tun daga 2021 maki ake ƙirgawa, ana duba wasannin da ya buga wa ƙasarsa da ƙarfin gasar da ya fito. Saboda haka zancen ɗauko yaro daga filin unguwa a dire shi a Chelsea tatsuniya ce.

Na biyar, akwai haƙƙin masu raino. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. In an sayar da shi yuro miliyan 10, rabin miliyan ke nan. Amma kulob ɗin da bai yi rajista ba, bai kuma rubuta sunayen yaransa a hukumance ba, ko sisi ba zai gani ba. Wannan kira ne ga ƙananan kulob-kulob na Gusau da Tsafe da Bunguɗu.

Sannu Ba Ta Hana Zuwa

In ana neman wani misali bayan Zaidu, ga Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato, wanda ya daɗe yana riƙe wa Super Eagles lamba biyu. A Kano Pillars ya yi suna, lokacin da take ɗaukar kofin ƙasa a jere. A 2014 ya tafi Kuwait, daga nan Fotugal, sai tsibirin Kubrus, sai Turkiyya. A kan wannan hanya ya samu lambar tagulla a wasannin Olamfik na 2016 a Burazil, ya kuma buga gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Bai taɓa wasa a Ingila ba, amma wa zai ce bai ci nasara ba? Daga shi har Zaidu, matakala suka bi ɗaya bayan ɗaya, kuma a kowane mataki akwai kulob sananne da takarda a hannu.

Ba mu ce a daina musu ba, domin shi ne gishirin kallo, kuma yana haɗa mutanen da ba don ƙwallo ba da ba za su zauna benci ɗaya ba. Abin da muke roƙo shi ne, duk ranar da jita-jitar ta bar Porto ta shigo zauren gidanmu, a bar gardama a koma tambaya. Wane kulob ne? Ina takardar gayyata? Ina lasisin dillali? Shekarun yaron nawa? Don me mu ne za mu biya? Yaro kuma ya riƙe karatunsa ko sana'arsa, ya nemi gurbi a kulob mai rajista, ya fara burge 'yan kallo a filin wasa na tunawa da Sardauna da ke Gusau tukuna. Mai saye na gaskiya ya san hanyar Gusau, kamar yadda ya san ta Jega. Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu, ya sa albarka a ƙafafunsu.